Yadda Ake Ɗaukar Hoton Igiyar Ruwa da Ciyawar Teku a Gaɓa Mai Duwatsu Lokacin Faɗuwar Rana

Wanda ya saba ɗaukar hoto a kan tudu, ko a bakin ruwa mai kwanciya irin na dam ɗin Tiga, ranar da ya fara tsayawa da kyamara a gaban Tekun Atilantika zai tarar da abu biyu da bai saba da su ba. Ruwan ba ya tsayawa ya jira shi, kowace igiya da irin siffarta, kuma wadda ta fashe a kan dutse ta tafi ke nan. Hasken yamma kuma a ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya ba ya daɗewa, domin daga lokacin da rana ta taɓa ruwa zuwa lokacin da ta nitse gaba ɗaya bai wuce minti 2 da 'yan daƙiƙoƙi ba, bayan wasu minti 20 da 'yan kai kuma duhu ya fara rufe duwatsu. Wannan ya sa mafi yawan aikin irin wannan hoto ana gama shi ne tun kafin yatsa ya taɓa maɓalli. Zan yi bayanin da gaɓar tekun Gana, musamman duwatsun Cape Coast, garin da ke kimanin kilomita 150 yamma da Akara, amma duk abin da zan faɗa yana aiki a Limbe ta Kamaru mai baƙaƙen duwatsu, da tsinin Almadies a Dakar, da sauran wurare irinsu.

Mataki na farko: sanin inda rana za ta faɗi

Kuskuren da baƙo ya fi yi shi ne zaton cewa duk inda akwai teku rana a cikinsa take faɗuwa. Gaɓar Gana kudu take fuskanta, haka ma ta Legas, saboda haka idan ka ba tudu baya ka fuskanci ruwa, rana ta hannun damanka za ta sauka. Wurin saukarta ma ba ɗaya ba ne duk shekara. A watan Yuni tana faɗuwa kimanin digiri 23 arewa da yamma sak, wato ta bayan gari da itatuwan kwakwa, a Disamba kuwa tana karkata kudu da misalin wannan adadi. Wanda ya tsaya a duwatsun da ke gindin tsohuwar ganuwar Cape Coast ya dubi wajen Elmina, garin da ke yamma da shi, daga Nuwamba zuwa Janairu ne zai ga rana tana sauka ta ɓangaren ruwa. Sai dai Disamba da Janairu lokacin hunturu ne, kuma ƙurar da ke saukowa daga arewa takan haɗiye rana tun tana sama, ta mayar da ita farin faifai marar armashi, sararin sama ya yi toka-toka. A ganina Nuwamba ya fi sauran watanni, domin ruwan sama ya wanke iska, akwai sauran gizagizai da za su ɗauki launi, hazo kuma bai kankama ba. A Dakar babu wannan lissafi mai yawa, tunda tsinin Almadies shi ne ƙarshen nahiyar Afirka ta yamma, rana a gabanka take faɗuwa cikin ruwa.

Kada rashin ganin rana a cikin hoto ya dame ka. Hasken da ke zuwa ta gefe shi ya fi fito da kaushin dutse da jijiyoyin ciyawa, shi ne kuma yake ratsa kan igiya lokacin da ta miƙe za ta karye, har ta yi kore-kore kamar kwalba. Hotunan da na fi so a wannan gaɓa babu rana a cikinsu, haskenta kawai ake gani.

Game da lokaci, a Akara da Cape Coast rana tana faɗuwa tsakanin misalin ƙarfe 5:40 da 6:20 na yamma duk tsawon shekara. Kowace manhajar yanayi da ke waya za ta ba ka ainihin mintin ranar da kake so.

Mataki na biyu: jadawalin cikowa da janyewar teku

Teku yana cikowa sau biyu, yana janyewa sau biyu, a cikin kimanin awa 24 da minti 50, wanda ke nufin lokacin janyewar yau zai jinkirta da kusan minti 50 gobe. Ciyawar da ke manne a jikin duwatsu ba ta bayyana sai ruwa ya ja baya, saboda haka abin da kake nema shi ne ranar da janyewar teku ta zo kusa da faɗuwar rana, ko dai ruwan yana kan sauka a lokacin. Ana samun jadawalin Takoradi da na Tema, tashoshin jiragen ruwan Gana, a intanet kyauta, kuma na Takoradi ya ishi mai aiki a Cape Coast. Wanda ke bin lissafin watan Musulunci yana da sauƙi a nan, domin a tsayuwar wata da kuma daren 14 da 15 ne teku ke cika sosai ya kuma janye sosai, a wajen 7 da 22 ga wata kuwa bambancin kan ragu. A wannan gaɓa tazarar da ke tsakanin cika da janyewa ba ta kai mita 2 ba, abin da ba a bakin komai yake ba idan aka kwatanta da mashigin Fundy na Kanada inda takan kai mita 16, amma a kan shimfiɗaɗɗen dutse ko rabin mita ya isa ya raba mutum da hanyar komawa tudu.

Idan an ba ni zaɓi, ruwa mai sauka nake ɗauka a kan mai hawa. Ciyawar tana nan jiƙe tana ƙyalli, ƙananan kududdufai sun cika a tsakanin duwatsu, sannan kowane minti da ya wuce teku yana ƙara nisa da kai maimakon ya matso.

Mataki na uku: kayan aiki

Kowace kyamara da ke barin mutum ya saita ta da hannu za ta yi. Idon kyamara, wato gilashin da ake ɗaura mata a gaba, mai faɗi, daga milimita 16 zuwa 35, shi ne na haɗa ciyawa a gaba da teku a baya, mai jawo nesa kuma, kamar 70 zuwa 200, shi ne na kama fashewar igiya daga wurin da babu haɗari. Ka yanke shawarar wanda za ka ɗaura tun kana cikin mota, domin buɗe cikin kyamara a iskar da ke ɗauke da gishiri ɓarna ce da ba a ganin ta sai daga baya. Abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, wanda zan riƙa kira ƙafa-uku, wajibi ne, kuma mai nauyi ya fi. Sai rimot na dannawa, da batir na biyu, da tocilar goshi, da leda mai kauri ko hular wanka ta roba don rufe kyamara tsakanin ɗauka da ɗauka, da ƙyallaye masu laushi irin na goge tabarau aƙalla guda 3, da gorar ruwan sha wadda rabinta na wanke gilashi ne.

Filta, wato gilashin da ake ƙarawa a gaban idon kyamara, iri biyu ce ke da amfani a nan. Ta farko ita ce mai rage haske, wadda ake rubuta wa ND, kuma lambar jikinta tana nuna ninkin hasken da take tarewa: ND8 ninki 8, ND64 ninki 64, ND1000 kusan ninki 1000. Wanda kuɗinsa na guda ɗaya ne ya sayi ND64. Ta biyu ita ce mai kashe ƙyalli, wadda ake rubuta wa CPL, kuma zan dawo kanta idan mun zo ga ciyawa.

Takalmi ya cancanci jimla tasa. Silifas ba ya hawa waɗannan duwatsu. Kambas mai ƙasan roba da ba ka jin ciwon jiƙewarsa shi ne daidai, domin ban da santsi akwai ƙananan kwanso masu kaifi manne a dutse, akwai kuma wata halitta mai ƙayoyi kamar bushiya da ke ɓuya a ramukan ruwa, wadda ƙayarta ke karyewa a cikin tafin ƙafa. Idan motar da ta kawo ka mai na'urar sanyaya iska ce, ka fito da kyamara da wuri, in ba haka ba gilashin zai yi raɓa na tsawon mintoci saboda laimar bakin teku.

Mataki na huɗu: zama a karanta ruwa

Ka isa aƙalla awa ɗaya da rabi kafin faɗuwar rana, wato ka yi sallar La'asar ka kama hanya. Da isarka kada ka buɗe jaka. Ka sami wuri mai tudu ka zauna minti 15 zuwa 20 kana kallon ruwa kawai, kuma wannan zaman shi ne matakin da na fi ba muhimmanci a duk bayanin nan, domin shi ke tsare rai, shi ne kuma ke samar da hoto.

Igiyoyin da ke dukan wannan gaɓa daga can kudancin Atilantika suke tasowa, sun yi tafiyar dubban kilomitoci, shi ya sa suke zuwa da tazara mai tsawo, sau da yawa daƙiƙa 10 zuwa 15 tsakanin ɗaya da ɗaya, kuma sukan fi girma daga Yuni zuwa Satumba. Ba daidai wa daida suke zuwa ba. Za ka ga ƙanana sun jera har ka saki jiki, sai ga ayarin manya uku ko huɗu ko biyar sun biyo juna, sannan ruwa ya lafa. Ana yawan cewa ta bakwai ce babba, amma wannan zance ne kawai, teku ba ya bin ƙidaya. Abin da za ka yi shi ne ka lura da iyakar da mafi girman igiya ta kai a tsawon zamanka, ka ƙara wasu taku a kai, nan ne iyakarka.

Dutsen da kansa yana ba da labari. Inda ya bushe ya yi haske, ruwa bai kai nan ba kwanan nan. Inda ya jiƙe ya yi duhu, igiya ta taɓa shi ɗazu kuma za ta sake. Inda ya yi kore ko baƙi mai sheƙi, gansakuka ce, santsinta ya fi na sabulu, ba a taka ta da gaggawa, ba a kuma tsalle a kanta. Kada ka juya wa teku baya ko da kana neman abu a jaka, jakar ma ka ajiye ta can sama da iyakar da ka shata. Ka tafi da abokin tafiya wanda aikinsa kallon ruwa ne yayin da idonka ke kan kyamara, domin ido mai faɗi yana nuna igiya kamar tana nesa alhali ta iso. Na taɓa tsugunne ina gyara saiti, a allon kyamara ruwan yana can baya, sai kawai na ji shi a ƙugu. Kyamarar ta tsira saboda na ɗaga ta da ƙafa-ukun gaba ɗaya, amma rimot da ƙyallayen da na ajiye a kan dutse teku ya tafi da su.

Masunta sun fi kowane jadawali sanin wurin. Ka gaishe su, ka tambaye su inda ruwa ke ja da inda ba a tsayawa, kuma kada ka ɗauki hoton mutum ko kwale-kwalensa ba tare da izini ba. A yawancin garuruwan gaɓar Gana masunta ba sa fita teku ranar Talata bisa al'ada, don haka wanda ke son jiragen kamun kifi a cikin ruwa a bayan hotonsa ya zaɓi wata rana. Ganuwar Cape Coast kuma wuri ne da aka tsare bayi kafin a haye da su teku, yana cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su tun 1979, kuma ya kamata mai kyamara ya kama kansa a kewayensa.

Mataki na biyar: neman ciyawa da tsara hoto

Ciyawar da za ka tarar iri biyu ce. Akwai mai tsirowa a jikin dutse: koriya shar mai ganye siriri kamar latas, wadda ta fi yawa a sama-sama, da masu launin ƙasa da ja-ja waɗanda ke can ƙasa inda ruwa ba ya daɗewa da barinsu. Akwai kuma wadda teku ke kawowa daga nesa ya zubar, mai suna sargasum, wadda tun shekarar 2011 take taruwa tuli-tuli a gaɓoɓin Afirka ta Yamma da tsibiran Karibiyan. Sabuwarta ruwan zinariya ce, da 'yan ƙwallaye masu iska a jikinta kamar 'ya'yan itace, kuma tana kyau ƙwarai a hasken yamma. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ta yi baƙi ta fara warin ruɓaɓɓen ƙwai, iskar da take fitarwa kuma tana damun ƙirji, musamman ga mai asma, saboda haka tsohon tuli ba wurin tsugunnawa ba ne.

Amfanin ciyawa a hoton teku shi ne tana ba ido wurin sauka. Hoton da babu komai a cikinsa sai ruwa da sama, duk kyan launinsa, mai kallo yakan wuce shi da sauri, amma idan akwai dunƙulen koriyar ciyawa a gaba, ga tsagin dutse da ruwa ke bi yana komawa, ga igiya tana fashewa a tsakiya, ga jan gajimare a ƙarshe, ido zai yi tafiya daga nan zuwa can. Ka nemi dunƙule ɗaya mai siffa, wanda ya bambanta da dutsen da ke ƙarƙashinsa, maimakon shimfiɗar da ta rufe ko'ina. Ka fara gwadawa da kyamara a hannu, kana durƙusawa kana miƙewa, sai ka sami kusurwar da ta gamsar da kai sannan ka kafa ƙafa-uku. Tsayin gwiwa zuwa ƙugu shi ya fi dacewa. Idan ka yi ƙasa da haka duwatsun tsakiya za su rufe ruwa, idan ka miƙe tsaye kuma ciyawar za ta ƙanƙance ta zama tabo.

Layin da sama ta haɗu da teku ya zama a miƙe, domin karkacewar digiri ɗaya ma ana ganin ta a hoton ruwa. Idan sama ta yi kyau ka ba ta kashi ɗaya cikin uku na hoton, idan fayau take babu gajimare ka rage mata. Wajen kafa ƙafa-uku, kowace ƙafa ta sami rami ko tsagi a dutse, kada ta zauna a kan ciyawa, kada kuma ka ɗaga sandar tsakiya tunda ita ce ke kawo rawa. Idan dole ƙafafun su shiga ruwa, ka fara zaro gaɓoɓin ƙasa, don makullansu su kasance sama da yashi da gishiri.

A nan ne filtar CPL ke shigowa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa tana mayar da hasken sama kamar madubi, sai ta fito fari-fari a hoto maimakon kore. Idan ka juya filtar a hankali za ka ga ƙyallin yana gushewa, launin na fitowa, har ƙasan kududdufi ya bayyana. Tana aiki sosai idan rana tana gefenka, wanda shi ne yanayin gaɓar Gana. Sai dai kada ka juya ta har ƙarshe ba tunani, domin wani lokaci ƙyallin zinariyar da ke kan dutse shi ne kyan hoton, kuma da ido mai faɗi takan sa wani sashe na sama ya fi wani duhu. Ni nakan tsaya a tsakiya. Ka tuna kuma tana cin fiye da rabin hasken da ke shiga.

Mataki na shida: saiti

Ka sa kyamara a M, wato saitin hannu, ka zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, maimakon JPEG domin bambancin hasken sama da duhun dutse yana da yawa, ISO kuma, wato ma'aunin yadda kyamara ke ƙarfafa haske, ya zauna a 100. Ƙofar haske, wadda ke ƙanƙancewa idan lambar f ta ƙaru, ta kasance f/8 zuwa f/11; f/22 tana rage kaifin hoto, tana kuma fito da kowane ɗigon gishiri da ke kan gilashi. Ka kashe na'urar hana rawa tunda kyamara tana kan ƙafa-uku. Launi ka tsayar da shi a alamar rana ko ta gajimare, kada ka bar wa kyamara zaɓi, domin za ta ga jan yamma ta ɗauka kuskure ne ta wanke shi.

Fokas da hannu ake yin sa, saboda ruwa mai motsi yana ruɗa na'ura. A babbar kyamara mai cikakken firam, da ido na milimita 16 a f/11, idan ka saita a nisan mita 1 komai zai fito tar daga kusan rabin mita har iyakar gani. Da milimita 24 ka saita a mita 2, kaifi zai fara daga kusan mita 1. Ka gama wannan kafin ka ɗaura filta mai duhu, domin ta cikin ND1000 ba a ganin komai.

Saura babban al'amari, wato tsawon lokacin da kyamara ke buɗe ido ga haske, abin da masu sana'a ke kira saurin shota. Shi ne ke yanke irin tekun da zai fito a hoto. A 1/1000 na daƙiƙa igiya tana daskarewa a sama, kowane ɗigo a rarrabe, kuma wannan shi ne na fashewa a kan dutse da ido mai jawo nesa. A nan sai ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800, ka buɗe ƙofa zuwa f/5.6, ka sa kyamara ta riƙa ɗauka a jere. Tsakanin 1/4 da daƙiƙa 1 ruwa yana zama zare-zare kamar ana saƙa, ana ganin hanyar da ya bi, amma ƙarfinsa bai ɓace ba. Daga daƙiƙa 10 zuwa 30 kuwa teku yana komawa hazo, duwatsu na tsaye a cikinsa. Wannan na ƙarshen ya yi farin jini a intanet, amma ga mai son ciyawa yana da illa, domin duk ganyen da ruwa ke kaɗawa zai narke ya zama koren dusu-dusu, igiyar da aka zo dominta kuma babu ita. Ni daga rabin daƙiƙa nake farawa, in ruwa yana gudu sosai in koma 1/4, in yana tafiya a hankali in kai daƙiƙa 1.

Lissafin filta ba shi da wuya. Ka auna haske ba tare da ita ba, sannan ka ninka. Idan kyamara ta ba ka 1/125, da ND64 ya zama kusan rabin daƙiƙa, idan ta ba ka 1/60 ya zama kusan daƙiƙa 1, idan kuma 1/30 ne da ND1000 ya zama kusan daƙiƙa 30. Bayan kowace ɗauka ta gwaji ka duba jadawalin haske (histogram) da ke allon kyamara, ka tabbata bai manne da bangon dama ba, domin hakan alama ce haske ya yi yawa. Kumfa ce ke fara ƙonewa, wato ta yi fari fat babu zane a cikinta, kuma farin da ya ƙone babu manhajar da ke dawo da shi, alhali duhun dutse ana iya ɗaga shi daga baya. Idan sama ta fi ƙarfin kyamara, ka ɗauki hoto ɗaya don sama, ka ɗauki wasu don ruwa ba tare da motsa ƙafa-uku ba, ka haɗa su a kwamfuta.

Mataki na bakwai: lokacin dannawa

Hannun sabon shiga yakan danna ne lokacin da igiya ke tahowa, saboda a lokacin ne zuciya ke bugawa. Abin da ke fitowa shi ne farin bargo da ya rufe dutse da ciyawa baki ɗaya. Ka bari ta iso, ta fashe, ta bazu, ta yi ɗan tsayawar nan da take yi kamar mai tunani, sai ka danna daidai lokacin da ta fara komawa. Kumfar da ke janyewa ita ce ke zana fararen layuka a kewayen duwatsu, tana tsefe ciyawa ta fuskanci teku, layukan kuma su ja ido zuwa cikin hoto. Idan aka yi sa'a wata igiyar tana miƙewa a baya a daidai wannan lokaci, an sami hoton da ake nema.

Wannan ne dalilin da ya sa rimot ya fi agogon jinkiri na daƙiƙa 2, domin kafin agogon ya ƙare ruwan ya tafi. Don fashewa a kan dutse kuma, ka fara dannawa kafin igiya ta bugi dutsen, ka riƙe har feshin ya sauko. Kada ka yi rowar memori. A cikin ɗauka 100 idan 3 sun yi kyau, an yi kasuwa. Bayan kowace babbar igiya ka dubi gilashin gaba. Feshin gishiri ba ya gogewa da busasshen ƙyalle, shafewa yake yi ya bar maiƙo, saboda haka ka ɗan jiƙa ƙyalle ɗaya da ruwan sha ka goge, ka bi da busasshe.

Haske kuma yana raguwa a hannunka, kowane 'yan mintoci sai ka sake saiti. Da rana ta kusa nitsewa ND64 za ta yi yawa, sai ka koma ND8, bayan ta faɗi kuma ka cire filta gaba ɗaya, tunda duhun da kansa zai ba ka rabin daƙiƙar da kake so. Kada ka naɗe kaya da ɓacewar rana, domin sau da yawa minti 5 zuwa 15 bayan haka ne gizagizai ke yin ja, ruwa ya yi shuɗi, bambancin sama da ƙasa ya ragu har kyamara ta iya ɗaukar su a hoto guda. Wannan lokaci ya zo daidai da Magariba, don haka ka riƙe alwala tun daga gida, ka kuma san wurin da za ka yi salla a kan tudu. Ka bar duwatsun tun kana ganin inda kake sa ƙafa.

Mai waya ma yana da rabo

Wayoyi da dama na Samsung da Tecno da Infinix suna da sashen Pro inda ake saita ISO da shota da hannu. Matsalarsu ita ce ƙofar haskensu ba ta ƙanƙancewa, saboda haka ba za ka sami rabin daƙiƙa da rana a sama ba sai da ƙaramar filta mai maƙalawa, ko kuma ka jira bayan faɗuwar rana. A iPhone ana kunna Live Photo, a ɗauka, sannan a zaɓi Long Exposure, wayar ta haɗa motsin kusan daƙiƙa 3 ya zama hoto ɗaya mai laushin ruwa. Ko ta wace hanya, sai wayar ta zauna daram a kan abin riƙewa. Lambar IP68 ta jure ruwa da ake tallatawa kuma da ruwan daɗi aka gwada ta, ruwan gishiri yana cin ramin caji.

Bayan an koma gida

A daren nan ake wanke kaya, ba a bari sai gobe. Ka zaro ƙafafun ƙafa-uku duka, ka zuba musu ruwan famfo har yashi ya fita daga makullai, ka bar su a buɗe su bushe, in ba haka ba cikin mako guda za su cije. Jikin kyamara ka goge shi da ƙyalle mai ɗan laima, gilashi da filta kuma ka fara hure su kafin ka goge, domin ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce su.

Wajen gyaran hoto, ko da manhajar Lightroom ne ko darktable na kyauta ko Snapseed a waya, ka fara da miƙar da layin teku, ka rage hasken kumfa har zarenta ya fito, ka ɗaga duhun dutse kaɗan ba tare da ka mayar da yamma tsakar rana ba, sannan ka ƙara girman hoton ka share tabon ɗigon ruwa da ke sama. Koren ciyawa shi ne ke saurin fita daga hankali idan aka ƙara launi, har ya koma kamar fenti, don haka idan ka ƙara wa sama ja, ka koma ka rage wa kore shi kaɗai. Wajen zaɓe kuma, ka jera hotunan kusurwa ɗaya gefe da gefe, ka fara fitar da waɗanda kumfa ta rufe ciyawa a cikinsu, sannan a cikin sauran ka ɗauki wanda layukan ruwa suka fi fitowa a rarrabe, ko da samansa bai kai na wani ja ba.